Gani Ya Kori Ji: Zane, Sassaƙa da Hoto a Matsayin Madogarar Tarihi a Birnin Yamai

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. To amma duk wanda ya taɓa buɗe tsohuwar adaka ya tarar da hoton wani dattijo wanda babu mai iya faɗin sunansa a gidan, ya san gani shi kaɗai ba ya kai mutum ga sani. Ga fuska, ga rawani, ga bangon da aka tsaya a jikinsa, amma ko wane ne, a ina ne, wace shekara ce, duk sun tafi tare da waɗanda suka sani. Wannan matsala ce da masana ilimin tsara ɗakunan karatu da adana bayanai suka daɗe suna tattaunawa a kanta: yaushe ne zane, ko sassaƙa, ko hoto yake zama madogarar da mai bincike zai kafa hujja da ita, kamar yadda yake kafawa da littafi?

Tambayar tana da nauyi ƙwarai a ƙasa irin Nijar, inda zanen da ke jikin duwatsu ya girmi rubutu da dubban shekaru, inda kuma babban birnin ƙasar ya canza kama sau da yawa cikin ƙarni guda. Wannan maƙala za ta bi tarihin yadda aka tara irin waɗannan shaidu na gani a Yamai, ta fara da tsohuwar unguwar Mawrai, ta duba inda aka yi dace da inda aka yi asara, da kuma dalilin kowanne.

Barewar da ta zama shaida

Tun a ƙarshen ƙarni na 19 wasu masana a Turai suka fara ganin cewa ilimi bai tsaya cikin littafi kawai ba. A 1895 Paul Otlet da Henri La Fontaine suka kafa wata cibiya a Burussel ta ƙasar Beljiyam da nufin tattara fihirisar dukan abin da ɗan Adam ya wallafa. A littafin da Otlet ya fitar a 1934 ya lissafa taswira, da zane, da hoto, da fim, har da kayan da ake ajiyewa a gidajen tarihi cikin abubuwan da ke ɗauke da bayani, waɗanda ya kamata a tsara su kamar yadda ake tsara littattafai.

A 1951 wata ma'aikaciyar babban ɗakin karatun ƙasar Faransa mai suna Suzanne Briet ta ƙara faɗaɗa wannan ra'ayi da wani misali da ya shahara a wannan fanni. Misalin kuwa na barewa ne. A ganinta, barewar da ke gudu a dajin Afirka dabba ce kurum. Amma idan aka kama ta, aka kai ta gidan namun daji, aka ba ta suna, aka rubuta inda aka samo ta, aka sanya ta cikin rajista, to ta zama shaida. Daga nan duk abin da aka rubuta a kanta, da hotunanta, da muryarta da aka naɗa, sun zama shaidu na biyu masu komawa gare ta. Abin da ya canza matsayinta shi ne aikin da mutum ya yi a kanta na suna da rajista.

Akwai wani ɓangare na misalin da mai karatu a Yamai zai lura da shi kafin mai karatu a Paris. Barewar Briet sai da aka fitar da ita daga Afirka aka kai ta Turai kafin ta samu wannan daraja. Wato tun daga tushen wannan ilimi akwai tambayoyi biyu a haɗe: wa ya rubuta bayanin, kuma a ina aka ajiye shi? Tarihin shaidun gani na Nijar yana zagaye ne a kan waɗannan tambayoyi biyu.

Mawrai: unguwar da tarihinta ke kan fuska

Unguwar Mawrai, wadda ake rubutawa Maourey a allunan hanya, tana cikin unguwannin da aka kafa Yamai da su, tare da irin su Kallai da Gawai da Zango. Sunanta ya fito daga Mawri, sunan da Zabarmawa ke kiran Arawa da shi, wato mutanen da asalinsu ke komawa ƙasar Arewa ta wajen Dogon Dutsi. Ruwayar mutanen unguwar ta ce kakanninsu sun zauna a tsibirin Neni kafin su ƙetaro gaɓar hagu ta kogin Kwara. Zabarmawan Kallai kuma suna da tasu ruwayar game da wanda ya fara saran daji a wurin. Masu bincike irin su Suzanne Bernus a littafinta na 1969 kan ƙabilun Yamai, da Arouna Hamidou Sidikou a kundin digirinsa na 1980, da Boubé Gado, duk sun yi aiki a kan tarihin kafuwar garin da yadda unguwanninsa suka samu.

Abin lura a nan shi ne, Mawrin bakin kogi sun daɗe da komawa magana da Zabarmanci, amma wata shaida ta biyo su wadda harshe bai shafe ba, ita ce tsagar fuska. Zane biyu a kowane kunci, daga gefen baki zuwa wajen kunne, shi ne askar Arawa. Wanzami ne marubucinta, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar ya iya karanta ta. A yau tsaga tana ƙarewa, domin iyaye sun rage yi wa ƴaƴansu. Nan gaba kaɗan tsofaffin hotuna ne kawai za su riƙe ta. Hoton dattijon Mawrai da aka ɗauka a shekarun 1950 yana ɗauke da labarin ƙaurar jama'a daga Dallol Mawri zuwa bakin kogi, amma sai ga wanda aka koya wa karatun fuska.

Shi kansa garin bai tsaya wuri guda ba balle a ce gine-ginensa za su ba da shaida. A farkon ƙarni na 20 Turawan Faransa suka kafa sansani a wurin, har aka riƙa kiransa garin Kyaftin Salma, da sunan hafsansu Salaman. Yamai ta riƙe hedikwatar yankin daga 1903 zuwa 1911, aka mayar da ita Damagaram, sannan aka dawo da ita a 1926 zamanin Gwamna Jules Brévié. Tsarin mulkin mallaka ya raba garin biyu, kwarin Gunti Yena a tsakani: unguwar Turawa a gefe guda, ta ƴan ƙasa a ɗaya gefen. Mutanen garin ba su wuce kimanin dubu 30 ba a 1960, amma ƙidayar 2012 ta same su sun haura miliyan ɗaya. An gama gadar Kennedy a 1970. A zamanin arzikin uraniyom aka tashi unguwar Gawai, aka gina babban otal da zauren taro a gurbinta. Babbar kasuwa ta ƙone a 1982, aka buɗe sabuwa a 1987. Ƙaramar kasuwa ita ma ta ƙone a 2012. Mawrai kuwa, da yake tana tsakiyar hada-hada, shaguna da benaye suna ta cin gidajen ƙasa na gado. Wanda yake son sanin kamannin waɗannan wurare kafin canji ba shi da inda zai dosa sai hoto da fim da taswira.

Idon baƙo

Zane-zanen farko na garuruwan wannan ƙasa da suka shiga ɗakunan karatu na duniya, baƙi ne suka yi su. Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani a ƙasar Hausa da suna Abdulkarim, ya shiga Agadas a watan Oktoba na 1850, ya kuma ƙetare Kwara a Sayi a watan Yuni na 1853. Littafinsa mai juzu'i 5 ya fito a 1857 da 1858 ɗauke da zane-zane masu launi na garuruwan da ya ratsa. Sai dai waɗannan zane-zane ba su fito kai tsaye daga hannunsa ba. Barth ya yi zanen gaggawa a kan hanya, sannan wani mai zane a Jamus, Johann Martin Bernatz, wanda bai yi tafiyar ba, ya ƙawata su domin bugawa. Saboda haka mai bincike yana iya dogara da su a kan siffar hasumiya ko shimfiɗar gari, amma ya yi hattara da mutane da itatuwan da aka cika gaban zanen da su. Idan katin bayanin ɗakin karatu bai ambaci hannu na biyun nan ba, ya ɓatar da mai karatu.

Bayan shekaru 70 sai ga ayarin motocin kamfanin Citroën, wanda ya taso daga Aljeriya a watan Oktoba na 1924 a ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil, ya biyo ta Yamai, ya ratsa ƙasar Hausa zuwa Damagaram da tafkin Cadi. Cikin ayarin akwai mai ɗaukar fim Léon Poirier, da mai zane ɗan asalin Rasha Alexandre Iacovleff. Iacovleff ya zana fuskokin mutanen da suka tarar, cikinsu har da Sarki Barmu na Tasawa da wani shugaban mahayan Sarkin Maraɗi Musa. Abin da ya ɗaga darajar aikinsa a wajen masanin tarihi shi ne yakan rubuta suna da gari a jikin zanen. Da wannan ɗan rubutu zanen ya zama shaida a kan wani mutum takamaimai, da irin rawaninsa da rigarsa a wata shekara sananniya. Duk da haka tafiyar ta tallar mota ce da tallar mulkin mallaka, kuma an zaɓi abin da za a nuna ne don ya burge ƴan kallo a Paris. Hawan dawaki da aka shirya domin tarbar baƙi ba shi ne zaman yau da kullum na talakan Tasawa ba.

Darasin da ke cikin waɗannan misalai biyu ɗaya ne. Hoto yana ba da labarin abin da aka ɗauka, yana kuma ba da labarin wanda ya ɗauka da abin da ya kawo shi. Aikin mai kula da taska ne ya rubuta duka biyun.

Gidajen da aka gina wa shaida

A 1944 aka buɗe reshen cibiyar bincike ta IFAN a Yamai, wadda uwarta ke Dakar. Wannan reshe ne ya rikiɗe ya zama cibiyar ƙasa bayan samun ƴancin kai, sannan a 1974 ya shiga ƙarƙashin Jami'ar Yamai da sunan IRSH, wato cibiyar binciken ilimin ɗan Adam da zamantakewa. Daga cikinta ne jerin littattafan Études nigériennes ya riƙa fitowa, kuma a cikinta aka tara littattafai da taswirori da hotuna da kayan da aka tono daga ƙasa.

Mutumin da sunansa ya fi fitowa a wannan aiki shi ne Boubou Hama, haifaffen Foneko ta ƙasar Tera, malamin makaranta kuma marubuci, wanda ya shugabanci Majalisar Dokoki daga 1958 zuwa 1974. Da goyon bayansa aka kafa gidan tarihi na ƙasa a 1959, Pablo Toucet ya zama shugabansa na farko. Tsarin gidan ya bambanta da na takwarorinsa na Turai. An baza shi a fili mai faɗi, da rumfunan tufafi da kayan kiɗa da makamai, da samfurin gidajen ƙabilun ƙasar, da maƙera da dukawa da masaƙa suna aiki a gaban ƴan kallo, da kuma gidan namun daji. A nan barewar Briet ta samu suna da rajista ba tare da ta bar ƙasarta ba. A nan ne kuma aka kawo gawar itaciyar Tenere a 1973 bayan mota ta kaɓe ta. Itaciyar da ta shekara aru-aru tana yi wa ayarin gishiri alamar hanya ta koma shaida a ƙarƙashin rumfa. Gidan yana ɗauke da sunan Boubou Hama a yau.

Shi ne kuma ya tara rubuce-rubucen Larabci da ajami waɗanda suka zama tushen sashen MARA na IRSH, inda ake da kimanin kundi 4,000. Mai iya cewa wannan taskar rubutu ce, ba ta zane ba. Amma wanda ya saba da aikin ya san ido yana karanta abubuwa da yawa a shafi kafin ya kai ga kalma. Salon rubutun yana nuna ko hannun Barno ne, ko na ƙasar Hausa, ko na Sahara. Zayyanar da ke nuna hizifi da wurin sujada, da yadda aka haɗa baƙar tawada da ja da rawaya, suna nuna makarantar da marubucin ya fito. Idan aka ɗaga takardar ga haske aka ga tambarin jinjirin wata uku, an san ta fito daga masana'antun arewacin Italiya ta biyo hanyar fatake, kuma wannan yana taimakawa wajen ƙiyasta zamanin kundin da ba a rubuta masa shekara ba.

A 1968 aka ƙara kafa wata cibiya a Yamai da taimakon UNESCO domin tattara tarihin baka, wadda ta shiga ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1974, aka san ta da suna CELHTO. Diouldé Laya ya daɗe yana shugabancinta. Kasancewar taskar gani da taskar ji a gari guda babban rabo ne, domin baki ne ke ba hoto suna, hoto kuma shi ke gyara wa baki kuskure.

Dutse da yumɓu

Mafi tsufan taskar zane a Nijar tana jikin duwatsun Azbin da Jado. Henri Lhote ya kwafi dubban zane-zanen Azbin ya wallafa su a shekarun 1970. A Dabus, arewa da Agadas, Christian Dupuy ya yi rajistar raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse a 1987. Babban ya haura mita 5, kuma kewaye da su akwai wasu zane-zane fiye da 800. A 1999 aka ɗauki kwafin siffarsu, aka kafa guda a filin jirgin saman Agadas. Bayanin da ke cikin wannan sassaƙa a fili yake: wurin da yau rairayi ne da duwatsu ya taɓa samun ruwa da itatuwan da za su ciyar da raƙumin dawa. A yau mafi yawan ragowar irin wannan dabba a Afirka ta Yamma suna yankin Kure, tafiyar kimanin kilomita 60 daga Yamai, kuma a tsakiyar shekarun 1990 adadinsu ya taɓa sauka zuwa wajen 50 kafin a farfaɗo da su.

A Iwelen, can arewacin Azbin, Jean-Pierre Roset ya nuna yadda ake ɗaure zane da shekara. A jikin duwatsun wurin akwai mutane riƙe da masu, da karusai masu ƙafa biyu. Da ya tona kufan da ke kusa, sai ya samu kawunan masu na tagulla masu siffa ɗaya da waɗanda aka zana. Gwajin da aka yi wa abubuwan da ke tare da su ya sanya zaman wurin cikin shekaru dubun da suka gabaci haihuwar Annabi Isa. Ta haka zanen ya samu kwanan wata, kufan kuma ya samu fuskokin mazaunansa.

Labarin Bura shi ne ya fi kowanne nuna abin da ake asara. A 1975 aka yi kiciɓis da wasu kawunan yumɓu a Bura-Asinda-Sikka ta ƙasar Tera. A 1983 Boubé Gado na IRSH ya jagoranci tonon wurin bisa ƙa'ida, aka samu makabarta mai tukwane fiye da 600 a kife, wasu da kawunan mutane a samansu, wadda aka fara amfani da ita tun wajen ƙarni na 3 na Miladiyya aka kuma ci gaba ƙarnuka da dama. An auna mazaunin kowace tukunya, an zana, an ɗauki hoto. Daga gutsattsarin da aka tattara aka harhaɗa mutum-mutumin mahayin doki wanda ya zama tambarin wannan al'umma. Linzaminsa da mundayen hannunsa da zanen fuskarsa bayanai ne a kan mutanen da ba su bar rubutu ko layi ɗaya ba.

A 1993 aka buɗe baje kolin Vallées du Niger a Paris, wanda daga baya ya zagaya wasu biranen Afirka ta Yamma. Duniya ta ga kayan Bura, dillalai ma suka gani. Cikin ƴan shekaru aka dira wa makabartun yankin da haƙa, talauci yana tura manoma, kuɗin waje yana ja. Gwamnati ta kafa dokar kare kayan gado a watan Yuni na 1997, kuma a 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sanya kayan Bura cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗarin sata. Kan yumɓun da aka tono da dare aka sayar yana nan da kyansa a ɗakin wani attajiri. Amma babu mai iya faɗin kabarin da ya fito, da zurfin da aka same shi, da abin da ke kusa da shi. Ko da an dawo da shi gida, wannan bayani ba zai dawo ba.

Majigi da ɗakin hoto

Jean Rouch ya zo Yamai a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, ya koma mai nazarin al'adu da ɗaukar fim. Tare da abokan aikinsa irin su Damouré Zika ya ɗauki farautar dorina ta Sarkawa, da farautar zaki da kwari da baka, da bukukuwan roƙon ruwa na Zabarmawa da Sonrai. Da yawa daga cikin waɗannan al'adu sun ja baya ko sun ɓace, har finafinan suka zama babbar madogara a kansu. Rouch yana da wata al'ada mai amfani ga ma'aikacin taska: yakan koma ya nuna wa mutanen da ya ɗauka fim ɗin, ya saurari gyaransu. Ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni ranar 18 ga Fabrairu 2004, aka binne shi a Yamai. Mafi yawan takardunsa da asalin finafinansa kuwa suna taskokin Faransa.

Daga wannan da'ira Moustapha Alassane ya fito, wanda ya ɗauki bikin auren Zabarmawa a fim ɗinsa Aouré na 1962, ya kuma zama cikin na farko a Afirka wajen fim ɗin zane mai motsi. Ya rasu a 2015. A watan Oktoba na 2024 aka sanya sunansa ga cibiyar al'adun da a da take ɗauke da sunan Rouch. A wannan lokaci ne kuma aka maye gurbin siffar hafsan Faransa Monteil da ta Thomas Sankara a wani dandalin birnin. Irin wannan canji shi kansa tarihi ne, kuma mai bincike na gobe zai buƙaci hoton wurin kafin canjin da bayansa, kowanne da kwanan watansa.

Akwai kuma masu ɗakunan hoto na cikin gari. Wanda ya fi shahara shi ne Philippe Koudjina, wanda aka haifa a 1940 ya rasu a 2014. Ya ɗauki samari da ƴan matan Yamai na shekarun 1960 da 1970 a wuraren rawa da shaƙatawa, kuma aikinsa ya kai ga baje kolin hotuna na Bamako. A cikin hotunansa ana ganin ɗinki da kitso da takalma da babura na wancan zamani, abubuwan da rahoton gwamnati ba ya ambata. Bayansa akwai masu hoto da yawa da ba su yi suna ba, waɗanda suka ɗauki suna da aure da dawowar alhazai a unguwanni irin Mawrai. Aikinsu yana cikin adakoki, zafi da ƙura da gara suna cinsa.

Da wane harshe za a kira abin da aka gani?

Littafi yana zuwa da sunansa da na marubucinsa a bangonsa. Hoto kuwa sai an ba shi kalmomi kafin a iya nemo shi a fihirisa. Masana wannan fanni, bisa aikin Erwin Panofsky na 1939 da na Sara Shatford na 1986, sun bambanta abin da ke cikin hoto da abin da hoton yake nufi. Mutum a kan doki abu ne da kowa zai gani. Sanin cewa hawan salla ne, ko naɗin sarauta, ko tarbar gwamna, sai ɗan gari.

Manyan tsare-tsaren rarraba hotuna an gina su ne a kan fasahar Turai. Tsarin Iconclass, wanda Henri van de Waal ya ƙirƙiro a Holan aka wallafa tsakanin 1973 da 1985, yana da manyan rassa 10, ɗaya na labaran Baibul, ɗaya na tatsuniyoyi da tarihin Girka da Rum. Wanda ya ɗauki irin wannan ma'auni ya nufi taskar Yamai zai rubuta riga da rawani ya wuce. Bahaushe kuwa zai tambaya: saƙi ce ko tsamiya ko barage? Aikin aska biyu ne ko aska takwas? Rawanin harsa ne ko turkuɗi, an yi amawali ko ba a yi ba? Kowace amsa tana faɗin matsayin mutumin, da arzikinsa, da hanyar kasuwancin da ta kawo masa tufafin. Haka Bazabarme da Ba'azbine da Bafillace da Babarbare suke da nasu kalmomin.

Yawancin ƙwararrun ma'aikatan taska na ƙasashen da Faransa ta mallaka sun yi karatu a makarantar EBAD ta Dakar, wadda aka kafa a 1967, kuma da Faransanci aka rubuta fihirisar cibiyoyin Yamai. Kundin tsarin ƙasa na watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Wannan dama ce ta tsara ƙamus na kalmomin tufafi da gini da tsaga da kayan doki da zayyana, a Hausa da sauran harsunan ƙasar, a jera su kafaɗa da kafaɗa da na Faransanci a katin bayani. Ma'aunin Object ID da aka fitar a 1997 domin yaƙi da satar kayan tarihi ya nuna cewa abin da ake buƙata ba shi da yawa: hoto mai kyau, da irin abin, da kayan da aka yi shi da su, da awonsa, da alamominsa, da zamaninsa, da wanda ya yi shi.

Kammalawa

Daga zanen Barth zuwa mahayin Bura, abin da tarihin nan ya nuna shi ne darajar shaidar gani tana rataye ga ɗan bayanin da ke biye da ita. Iacovleff ya rubuta suna, aikinsa ya amfani masu tarihin Tasawa da Maraɗi. Roset da Gado sun auna sun rubuta, dutse da yumɓu suka yi magana. Masu haƙan dare sun fitar da kaya ba rajista, aka rasa tarihin makabartu masu yawa. Na'urar kwafe hotuna zuwa kwamfuta ta sauƙaƙa adanawa da rarrabawa, amma ba ta san sunan kowa ba.

Aikin da ya fi gaggawa yana cikin unguwanni. A Mawrai da Kallai da Zango har yanzu akwai tsofaffi maza da mata da za su kalli hoton shekarun 1960 su ce wannan wane ne ɗan wane, nan kuma ƙofar gidan wane ce kafin a fasa titi. Ɗalibin jami'a da ma'aikacin ɗakin karatu za su iya zama da su a zaure, a kwafi hoton a mayar wa masu shi, a rubuta suna da wuri da shekara da sunan mai ɗauka, a naɗi bayanin da harshen da aka yi shi, a ajiye kwafi a IRSH ko a taskar ƙasa inda ɗan unguwar zai iya zuwa ya gani. Aiki ne da ba ya cin kuɗi mai yawa, sai dai yana da wa'adi, domin masu sanin fuskokin suna raguwa kowace shekara. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah ya ba masu wannan aiki ikon cim masa tun masu ba da labarin suna raye.